Kwana Tara Baba Sidi Yana Jiran Kabari

Ni mai gadi ne kafin in zama ɗan damfara. Shekara shida ina tsaye a ƙofar wani dogon bene a Manhattan, cikin birnin New York, da kwat da lakataye. A hawa na sama akwai irin kamfanin nan da ake kira hedge fund, masu tattara dukiyar attajirai su juya ta a kasuwar hannun jari. Ko gaisuwata ba sa amsawa. Amma a unguwar Harlem mutanenmu gani suke kwano ɗaya muke ci da su, ni kuma ban taɓa ƙaryatawa ba.

A jirgin ruwan fito na unguwar St. George, wanda nake shiga zuwa aiki, na gano wani abu a waya. Doka ta tilasta wa irin waɗannan kamfanoni su bayyana hannun jarin da suke riƙe da shi duk wata uku. Kyauta ne, kowa na iya gani. Sai dai takardar kan yi wata ɗaya da rabi kafin ta fito, lokacin wataƙila sun sayar sun kama gabansu. Ni kuwa sai in buga ta, in yanke kwanan watan da almakashi, in kai wa direbobin tasi in ce daga hawan sama na benenmu aka miƙo mini. Suna ba ni na goro, suna kirana Malamin Wall Street, wato titin kasuwar hannun jari, kaina yana kumbura.

Da kwaɗayi ya ci ƙarfina, na zuba duk abin da na tara a wani ƙaramin kamfanin magunguna. Takardu uku a jere suka nuna manyan suna zare hannunsu daga cikinsa. Ya zama dole in sami wanda zan juye wa kayan. Ban sauya ko lamba ɗaya ba. Takardun kawai na jera a baibai, ta ƙarshe ta koma ta farko, masu fita suka zama masu shiga.

Na kai wa Alhaji Mumuni, ma'ajin asusun jana'izarmu. Kabari a New York da tsada yake, shi ya sa masu tasi, teloli da mata masu kula da tsofaffi ke zuba wani abu duk wata, don a binne mutum da mutunci.

"Ɗana, wannan kuɗin matattu ne fa," in ji shi. "Ka tabbata babu risk, ba za a yi asara ba?"

"Alhaji, Turawan nan sun fi mu son kuɗinsu. Duba yadda suke shiga."

Na rantse masa. Ya saya da kuɗin asusun, direbobi suka bi sahu, farashi ya ɗan ɗaga, na sayar da nawa. Kafin wata biyu hannun jarin ya zama takardar tsire.

A cikin makon ne Baba Sidi ya rasu, wani tela ɗan Maraɗi da ke titi na 116 a Harlem, wanda bai taɓa tsallake zubi ba. Aka je asusu, wayam. Musulmin da ya kamata a rufe shi kafin rana ta faɗi ya yi kwana tara a firjin asibiti, ana yawo da kwali masallaci-masallaci don tara kuɗin kabari. Matarsa ta tare ni a bakin shago. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga.

"Yaro, mi munka yi maka? Shi ya ɗinka maka rigar sallah, bai amshi ko sisi ba."

Wani direba ya nemo takardun na asali da kwanan watansu, ya kai ƙara. Na yi shekara uku a kurkuku, kuma na cancanta. Amma har yau raina yana tafasa. Waɗancan na hawan sama sun fice salin-alin, doka ta ba su damar yin shiru, ko sunan Baba Sidi ba su taɓa ji ba. Ina jin haushin masu kirana Malam, da ba wanda ya tambaye ni ina kwanan wata. Na fi jin haushin kaina, ƙaton banza mai almakashi, da ya rasa wanda zai cuta sai gawa.

Na fito bara. Na tuba, na roƙi gafara a gaban jama'a bayan sallar Juma'a, yanzu dakon kwalaye nake a Canal Street. Ku samari, duk wanda ya ce muku manya suna sayen kaza, ku tambaye shi yaushe, kuma shi me yake sayarwa. Kada ku taɓa kuɗin amana ko da wa ya rantse, kada ku bari a yi muku kirari da abin da ba ku sani ba.

Watan jiya na kai wa Alhaji Mumuni zubina na asusun. Ya amsa sallamata, ya ce ya yafe mini, sannan ya turo mini kuɗin da bayan hannu. Jama'a sun soke sunana. In na mutu a garin nan, ban san wanda zai ɗauke ni ba.