Hotona a Ƙofar Kamfani

A kamfanin robar da na yi aiki a Sharada, ba a ɗaukar mutum don takardarsa. Sai wani tsohon ma'aikaci ya tsaya maka, ya kai ka ofis ya ce ya san ka, ya san ubanka, in ka yi ɓarna shi za a tuhuma. Mu 'yan garinmu, can cikin Jigawa, mutum ɗaya ke tsaya mana, wani dattijo abokin mahaifina da kowa ke kira Malam. Tun kafin a yaye ni yake kula da injinan narka roba. In gurbi ya samu sai ya aika gida, mutum ya ɗauro kayansa ya iso ranar Litinin, manaja kuwa ba ya ƙara tambaya. Ni ma haka na shigo. Ban san Malam da gida ko fili a Kano ba, wannan yardar ce kaɗai abin da ya tara, kuma ni na ɓarar masa da ita.

Na shekara biyu ina cire bokitai da butoci daga inji, sai wani abokin aikina ya ja ni taro a Bompai, cikin wani tsohon sito da aka jera wa kujerun roba irin waɗanda muke bugawa. Mai jawabin ya zuba kwat a tsakiyar zafin Kano, gumi na bin wuyansa, yana magana rabi Hausa rabi Turanci. Ya ce mu riƙa kiransa Oga. Sana'ar da ya kawo ba saye ba sayarwa. Wani kamfani ne ke koyar da dabarun neman aiki ta intanet, yana son sunayen mutane da lambobin wayarsu don ya tallata musu karatun. Za a ba ka fom naka, duk wanda ya cika ta hannunka kana da kamasho. Hanyar jawo mutane biyu ce, ko ka biya a nuna tallarka a shafukan sada zumunta, ko ka rubuta shafin da zai riƙa fitowa in mutum ya yi bincike a wayarsa.

"Wanda ya cika fom ba ɗan'uwanka ba ne," in ji shi, "lamba ce kawai."

Muka tafa masa. Har yau in na tuna tafin nan sai in ji kamar in mari kaina.

Tallata ta farko gaskiya na rubuta, na ce ga inda ake koyon neman aiki. Kwana huɗu ko kare bai leƙa ba. Na nuna wa Oga, ya yi tsaki.

"Wa ya ce maka mai jin yunwa karatu yake nema? Ka taɓo abin da ke cin ransa. Kuma ka sa fuskarka, mutane fuska suke yarda da ita."

Sai na tsaya a ƙofar kamfaninmu da rigar aiki, katin shaida na rataye a wuyana, aka ɗauke ni hoto ina murmushi kamar ni na gina wurin. A ƙasa na rubuta: Kana neman aiki a masana'antun Sharada da Challawa? Cika wannan fom. Ban ce akwai aiki ba, kuma da wannan na lallashi kaina. Oga ya ƙara da cewa talla a cikin birni tsada gare ta, in zaɓi ƙauyuka, can ne ake samun mutane da araha. Da yatsana na latsa sunan ƙaramar hukumarmu.

Shafin binciken ma na yi masa aiki tuƙuru. Duk lokacin hutun cin abinci ina raɓe a bayan sito ina rubutu da Hausa, tunda ba wanda ya taɓa rubuta irin wannan da ita. Na faɗi inda ake sauka daga mota, da yadda ake canjin aiki safe da yamma, da cewa ranar Litinin ake ɗaukar sababbi. Na manna hoton a sama, fom a ƙasa, Oga ya ɗora a dandalinsa na intanet. Ba a daɗe ba, duk wanda ya rubuta neman aiki a Sharada, ni ke fara fito masa. Na riƙa nuna wa abokan aiki, kaina ya kumbura.

Abin da ban lissafa ba, kuma ya kamata jaki ma ya lissafa, shi ne yadda mutanen gida za su karanta hoton. A garinmu ba wanda ya ɗauke ni mai ba da aiki. An san ni yaron Malam ne. In fuskata ta fito a ƙofar kamfani ana maganar aiki, to Malam ne ya yi aike, ta waya kawai ya biyo a wannan karon.

Wata Litinin na sauka daga a-daidaita-sahu na tarar da mutane tsugune a jikin katanga, kowa da jakarsa, wasu da tabarma a naɗe. Na fara gane fuskoki. Ga wanda suka yi makarantar allo da yayana. Ga maƙwabcinmu, magidanci mai 'ya'ya, wanda na san ya shuka albasa a fadama. Shi ya fara tasowa, fuskarsa cike da fara'a.

"Ga shi nan, ɗan albarka. Mun ga saƙon Malam. Na bar wa ƙanena gonar, na ce ya yi yadda ya ga dama da ita."

Kafin in haɗa kalma biyu Malam ya iso a kan kekensa, suka yi masa caa da gaisuwa da godiya, kowa na miƙa masa waya da hotona a ciki. Ya karɓi ɗaya ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya dube ni.

Ƙarfe tara aka kira shi ofis. Manaja ya ɗauka Malam ya fara sayar da gurbin aiki ne da sunan kamfani. Na tsaya a bakin ƙofa ina jin ana ɗaga wa dattijon nan murya, yana ta cewa bai san komai ba. Na fi minti goma ina jin tsoro kafin na tura ƙofar.

"Ranka ya daɗe, ni ne. Wallahi Malam bai ma san ana yi ba."

Manaja ya kalle ni sama da ƙasa.

"Na ji. Wa ya tsaya maka?"

Amsar tana tsaye a gabansa, wato Malam, da hula a hannu. Ni aka karɓe katina a take. Malam ba a kore shi ba, an dubi shekarunsa, amma an ce daga ranar ba zai ƙara tsaya wa kowa ba. Da kansa ya fita ya sallami mutanen, ya saya musu koko da ƙosai, ya raka su titi.

Tallar da nake biya na kashe ta nan take, latsawa ɗaya ce. Shafin kuwa yana hannun Oga, sai na wuce Bompai raina a ɓace. Na same shi yana shirya kujeru don wani sabon taro. Na faɗa masa duk abin da ya faru, na ce ya sauke shafin.

"Shafin da ke kawo mini mutane kyauta zan sauke? Ai ka sa hannu, duk abin da aka ɗora a dandalina nawa ne. Kuma ina ƙaryar a ciki? Kai ka ce akwai aiki?"

"To ku cire hotona."

"Hoton ne ai ke aikin."

Na zage shi, zagin da ban taɓa yi wa babba ba, masu gadinsa suka fitar da ni. Ina jin haushinsa har gobe, shi da kwat ɗinsa da duk masu koya wa talaka yadda zai farauci ɗan'uwansa ta waya. Amma ba shi ya san garinmu ba. Ni na san yadda ake jiran aiken Malam a can, ni kuma na zaɓi wurin saboda araha.

Yanzu ina dakon fata a wata majema a Challawa. Na kai ƙorafi duk inda aka ce in kai, na rubuta a shafina na sada zumunta cewa babu aiki, na sa an yi sanarwa a masallacin garinmu. 'Yan garinmu sun daina zuwa, amma na ƙauyukan kewaye ba su ji ba, su ma sun san sunan Malam. Shafin da ke hannun Oga yana nan a sama, ya ma fi dā ƙarfi, don yawan masu buɗe shi ne ke ƙara ɗaga shi.

Kwanakin baya na je gaishe shi a ɗakin da yake haya. Na durƙusa, ya amsa gaisuwata cikakkiya, ya tambayi mahaifiyata. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

"Malam, ku yafe mini."

"Na yafe tun ranar," ya ce. "Jiya ma wasu biyu sun zo, na kai su tasha. Abu ɗaya nake roƙonka. Ranar Litinin ka riƙa biyowa ta ƙofar kamfanin kafin ka wuce aikinka, ka gaya musu da bakinka. Ni in na ce babu, ba sa yarda da ni kuma, hotonka suke nuna mini."