Kaltum Mai Humra da Geron Iri

In ka shigo layinmu a Gwange, cikin Maiduguri, ba sai ka tambayi gidan Ya Kaltum ba, hancinka zai kai ka. Humra da turaren wuta take haɗawa tun tana budurwa, a wajen gwaggonta ta koya. Mijinta ya daɗe da rasuwa, da kwalaben humrar nan ta ciyar da 'ya'ya har ta aurar. Ni Lauratu katanga ɗaya ta raba mu, kuma gajeriya ce, shi ya sa ba abin da ke faruwa a gidanta ban sa baki ba. Tana ce mini 'yar Kano mai dogon baki, ni kuma ina ce mata Hajiya Hanci, don tana zaune za ta gaya maka miyar da ake ƙonawa a gida na uku.

Tana da ƙawa, Fanna. Lokacin da rikici ya taso su daga ƙauyensu ta hanyar Mafa, Kaltum ce ta ba su ɗaki, ita da tsohuwarta da muke kira Iya, da wanta Babakura. Sun daɗe a nan. Da aka ce hanya ta ɗan yi sauƙi suka koma, suka yi damina guda a 'yar gonar da ke kusa da ramin da aka kewaye garin da shi, don ba a bari a yi nisa. Tun daga nan Fanna ke aiko saƙo: Kaltum ta zo ta ga gida, ko mako ɗaya ne.

Da bazara Kaltum ta shirya. Na leƙa ta katanga na ce, "Ya Kaltum, mutane na gudowa birni ke kina tafiya hutu ƙauye? Ki bar mini wasiyyar kwalaben nan."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi," in ji ta. "Ki dai kula mini da kaji."

Bayan mako sai ga ta, kumatu sun cika. Na ce, "Lallai! Me Fanna ta ɗura miki? Kin tafi kamar muciya kin dawo kamar turmi. Hala kin cinye musu rumbu?"

Na jira zagi, don shi ne gaisuwarmu. Sai kawai ta ajiye jaka a tsakar gida ta zauna a kai, ta rufe fuska da gyale. Na tsallaka katangar, abin da ban yi ba tun ina da ƙarfin gwiwa. Ga abin da ta gaya mini.

Sun karɓe ta kamar wadda ta dawo daga Makka. Iya ta bar mata gadonta. Da safe su je ɗiban ruwa ita da Fanna suna hirar mutanen layinmu, da yamma matan gari su taru ta turara musu kaya. Ranar da ta isa aka kawo mata shinkafa da mai, washegari ma haka. Kaltum 'yar birni ce, a wajenta shinkafa ita ce tsada, gero kuwa abin da ke zube a ƙauye ne. Sai ta ga tana sa su ɗawainiya. Ba ta san shinkafar ta tallafi ce ba, ita ce ma abin da suke da shi.

Sai ta ce da tsohuwa, "Iya, don Allah ku daina wahalar da kanku. Ni ban baro Maiduguri don in ci shinkafa ba. Burabuskon gero kawai nake so, irin na gida."

Ta ce mini sai Iya ta dubi Fanna, Fanna ta dubi ƙasa. Sannan Iya ta yi murmushi ta ce, "'Yata, abin da kika ce shi za a yi."

Da rana ga burabusko da miyar kuka. Hajiya Hanci ta sunkuya ta shaƙa, ta ce tunda take ba ta taɓa jin gero mai ƙamshin hayaƙi irin wannan ba. Ta yaba, ta ƙara yabawa, ta ce ita kam daga yau shi za a riƙa yi mata. Haka aka yi kuwa, rana da dare, har makon ya ƙare. Babakura ya daina zama kusa in ana cin abinci, ita ta ɗauka kunya ce.

Safiyar da za ta taho ta shiga madafa ta yi wa Iya sallama. Ranar da ta isa garin ta ga zangarniyar gero a rataye saman murhu, dami-dami, hayaƙi ya mai da su baƙi. Yanzu sai igiyoyi ke lilo, da 'yan kaɗan a kusurwa. Ta ce, "Iya, ina geron da ke nan?"

Iya ta ci gaba da hura wuta. Fanna ce ta ja ta waje ta ce, "Ya Kaltum, ki bar maganar nan."

"Ba zan bari ba. Mene ne?"

"Iri ne. A hayaƙi ake ajiye shi don ƙwari."

Irin kakanninsu ne, mai saurin nuna. Ranar gudu Iya ba ta ɗauki zani na biyu ba, shi ta ƙulle a bakin mayafi. Duk zamansu a layinmu tana shuka shi a bayan ɗaki don kada ya mutu, mu muna mata dariya. Abin da suka samu bara shi aka rataye don daminar bana, ga hadari ya fara haɗuwa.

Kaltum ta ce, "Me ya sa ba ku faɗa mini ba?"

Fanna ta ce, "Mun zauna a gidanki ba ki taɓa ce mana babu ba. Da wane baki Iya za ta ce miki babu?"

Nan ta ƙare mini labarin. Na ce ta sayi buhu a kasuwa ta aika. Ta aika ɗin. Babakura ya aiko da godiya, ya ce za su ci, amma na kasuwa ba ya nuna a ƙasarsu kafin ruwa ya ɗauke.

Daga nan Kaltum ta rufe sana'a. Kullum ta cika jaka da kwalaben humra ta fita neman mutanen garin su Fanna da ba su koma ba. Ta je unguwar Old Maiduguri, ta je bayan Kasuwar Shanu, gida-gida tana tambayar ko akwai mai ragowar geron nan. Wata ta ba ta tafi guda, wata ta ce ta cinye tun bara, wata tsohuwa ta ƙi sai da Kaltum ta yi mata kuka. Duk wadda ta ba ta, sai ta ajiye mata kwalba. Wata rana na raka ta, ƙafata ta yi kwana biyu tana zagina. Kumatun nan duk suka zube. Abin da ta tara bai cika kwano ba, ta ƙulle a sabon zani ta ba wani direban hanyar Mafa amana.

Irin ya isa bayan ruwan farko. Babakura ya shuka kusan rabin gonar, sauran ya sa wake.

Da kaka Iya ta aiko direban nan da saƙo: gero ya nuna, Kaltum ta zo ta yi musu mako. Ina tsaye a katanga na ce, "Ki je mana, amma ki tafi da shinkafarki."

Ba ta yi dariya ba, ba ta zage ni ba. Ta ce da direban, "Ka gaishe da Iya. Ka ce mata in sun rataye na baɗi, sun ci sun ƙoshi, zan zo." Da zai tafi ta sake kiransa ta ce, "Ka ce kwana ɗaya zan yi."