Layi Biyu a Bakin Wuƙa

Akwai wata Alhamis cikin Shawwal da har gobe ban manta da ita ba. Lokacin ina kan injin yankan takarda a wata maɗaba'a a unguwar Rusaifa, cikin Makka. Karatuna kun san shi, aji uku ne, rabinsa ma ta taga na yi.

Malam Sanusi, wani ɗalibi ɗan Zariya, ya kawo katin aurensa ɗauke da waƙar da ya tsara wa amarya. Ya ce sonet ake kiranta, layi goma sha huɗu, duk karinsu ɗaya. Ya karanta mini yana buga tebur. Huɗu-huɗu sau uku, amsa-amon yana tsallake layi, kuma duk tsiya ce: shayinta ba sukari, fushinta ya fi ranar Makka. Sai biyun ƙarshe, masu amo ɗaya, su juya zancen, wai duk da haka ita kaɗai zuciyarsa ta sani.

Na ce, "Malam, wato zagi sha biyu, ban haƙuri biyu?"

Aka buga, sai kati ya fi ambulan tsawo. Ango yana ɗakin jarrabawa, waya a kashe, uban amarya kuma zai zo karɓa bayan La'asar. Mudir, wato manajan maɗaba'ar, ya auna ya ce mini, "Ya Hajj, yanke ƙasan."

Na jera katunan a injin, sai na ga wuƙar za ta tafi da layi biyun nan.

"Ya Mudir, ai nan maganin yake."

"Khalas, magana ta ƙare! Waƙa ce, ba takardar kotu ba. Yalla, yi sauri!"

Mutumin da igamata, takardar izinin zamana a ƙasar, ke hannunsa ke nan. Na tsaya, gumi har cikin takalmi. Yana shiga ofis na kwashe su zuwa injin ninki, na naɗe ƙasan baya.

Alhaji Bello, uban amarya, ya iso daga unguwar Tandabawi. Ya zaro ɗaya yana karantawa, fuska tana haɗewa.

"'Yar tawa za a raba wa duniya wannan a kanta? Ku kira mini yaron nan!"

Mudir ya zuba mini ido. Na miƙa hannu na buɗe ninkin. Alhaji ya karanta, ya sake karantawa.

"Ja'iri," in ji shi. "Maganar shayin kam bai yi ƙarya ba."

Tun ranar ba na sauke wuƙa sai na san abin da ke ƙasa. Mutanenmu, abin da ke ransu a ƙarshe suke ajiye shi, daidai inda mu kuma muke yanka.