Reshen da Na Tura a Jaka

Ina cikin ba dashen da nake sayarwa ruwa a bakin titi wayata ta yi ƙara. Ƙanin ƙawata ne. Ya ce, "Yaya ta cika da safen nan." Na ajiye bokiti na zauna a ƙasa, ruwa na bin ƙafata ban ko janye ba.

Shekara ashirin da biyu ta yi tana aiki a lambun gwaji, inda ake tsare duk tsiron da aka shigo da shi daga waje kafin a bar shi ya shiga gonakin mutane. Ɗakin raga ne mai ƙofa biyu. Aikinta sa ido: iri nawa tsiro ke zubarwa, ko iska na ɗaukarsa, ko yana sake tohowa in an sare shi. Takan ɗaure wa furanni 'yan jakunkunan yadi don kada iri ya tsere. Kafin ta fito sai ta kakkaɓe takalmi da bakin zani. Abokan aiki na kiranta Sai-Baɗi, don amsarta ke nan in an tambaye ta hukuncin wani tsiro.

Ni ce na ci amanarta. Na kai mata ziyara wata rana, na ga wani tsiro mai yaɗo da jan fure a tulin da za a ƙona. Na karyi reshe na tura a jaka. Damina ɗaya ya haye katangata, ya shaƙe lemun maƙwabcina, ya nufi magudanar ruwa.

Da ta gani ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Kin sayar wa wani?" Na ce a'a. Ta ce, "To, an rufa mana asiri. Miƙo fartanya."

Da ƙafarta ta je ofis ta ce sakacinta ne, aka ba ta takardar gargaɗi. Tun daga nan suke ƙona tuli a ranar da aka tara shi. Damina uku muna tono duk Asabar, muna tankaɗe ƙasa da rariya, don guntun saiwa kamar farce ya isa ya dawo da shi. Ta hana ni shuka komai a wurin.

Ranar Talatar da ta wuce, kafin ta cika, na je duba ta a asibiti. Ta rame, amma idon nan na nan.

Ta ce, "Ɓarauniya, baƙonki ya leƙo bana?"

Na ce, "Ko ganye ɗaya. Na duba har bayan ɗakin girki."

"Gidan maƙwabcinki fa?"

"Lemunsa har ya yi fure."

Ta lumshe ido tana murmushi. "To na sallame ki. Ki shuka abin da kike so."

Na ce, "Me zan shuka, ƙawata?"

Ta ce, "Wanda kika san uwarsa da ubansa."