Jajayen Alluna Masu Lamba Talatin da Ɗaya

Duk mai zuwa haraj, kasuwar gwanjon Riyad, ranar Juma'a bayan la'asar ya san Buraima, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne, baƙi, mutumin Maraɗi, yana jan ƙafar hagu, kuma ko ana zafin da kwalta ke laushi safa biyu ce a ƙafar nan. Ba ya taya firji, ba ya taya darduma. Wurin tarkacen kayan wasanni yake nufa. In ya ga allunan zamiya, dogayen nan da Turawa ke ɗaurawa a ƙafa su sulalo daga duwatsun ƙanƙara, sai ya duƙa ya taɓa su da bayan hannu kamar mai duba zazzaɓin jariri, ya miƙe ya wuce. Masu kaya sun ɗauka taɓaɓɓe ne. Wallahi lafiyarsa lau, ya ma fi su hankali.

Shekara goma sha huɗu ya yi yana ɗaura ƙarafan da magina ke hawa, aikinsa na ƙarshe a Dir'iyya, gefen Riyad. Aikin ya koya masa abu ɗaya: in noti ya saki, wani zai faɗo. Don haka komai ya taɓa sai ya ɗaure shi tamau. Lado, direban tankar ruwa ɗan Kano da suke ɗaki ɗaya a unguwar Al-Jaradiya, kullum cikin mita yake: "Haba Yaya Buraima, ko kwalbar yaji ce sai ka murɗe ta kamar ka rufe aljani a ciki?"

Da bayansa ya fara ciwo, kafilinsa, wato Balaraben da iƙamarsa, takardar izinin zama, ke hannunsa, ya ɗauke shi daga gini ya kai shi Sumama, tuddan jan yashin da ke bayan filin jirgi. Mutumin ya sayo tsofaffin allunan zamiya tuli guda a haraj yana ba da haya. Juma'a da Asabar iyalai su zo shan iska, su hau tudu su zamo a kan yashi, su faɗi, su tashi suna dariya. Aikin Buraima shi ne goga wa allunan kakin kyandir da sa takalmin mutum a cikin ƙarfen da ke riƙe shi. Shi ya raɗa wa ƙarfen suna tarko. Bai taɓa ganin ƙanƙarar da aka yi su dominta ba, sai ta firji. Ranar farko da aka ba shi su ya ji tarkunan suna ɗan motsi, ransa ya ɓaci, ya ɗauki sukudireba ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure har ƙarshe.

A cikin tulin akwai wasu jajaye guda biyu, sun fi Buraima tsayi, sirara, ga nauyi. An rubuta lamba talatin da ɗaya a jikinsu, an kuma kankare wani suna da wuƙa. In rana ta take, sauran alluna ba sa taɓuwa don zafi. Waɗannan kuwa sanyi ƙalau kamar gindin randa, har yashi yana manne musu don danshi.

Wanda ya fara hawansu wani injiniya ne ɗan Masar, mai tumbi, wanda ko tsayuwa a kansu bai iya ba. Yana barin kan tudu sai Buraima ya ga mutumin ya durƙusa, ya maƙale sandunan dogarawa biyu da masu zamiya ke riƙewa a hammata, ya miƙe ƙasa kamar an harba shi. A tsakiyar gangare ya karkata hagu, aka ji ƙas! Ƙafar hagu ce, ƙasa da gwiwa. Ana ɗaukarsa haƙoransa na kaɗawa, a cikin ranar nan, yana tambaya wa ke kaɗa ƙararrawa. Babu mai kaɗa komai.

Bayan mako uku wani saurayi ɗan gari ya hau su. Irin durƙuson nan, irin maƙale sandunan nan, wanda ba wanda ya koya masa. Shi ma ya karye, wuri ɗaya, ƙafa ɗaya.

Wata Asabar Nazira ta zo da 'ya'yanta, likitar ƙashi ce 'yar Damagaram da ta yi karatu a Turkiyya. Ta duƙa ta duba tarkon allon ɗiyarta, ta ɗago a fusace.

"Baba, wa ya ɗaure waɗannan haka?"

"Ni ne, Hajiya. Sun saki ne."

"Sun saki! Ai don su saki aka yi su. In mutum ya faɗi dole ƙarfen ya saki takalmin, in bai saki ba ƙashi ne zai saki."

Buraima ya tuna mutum biyun da suka karye. Ya kai ta wurin jajayen. Ta ce waɗannan na 'yan tsere ne, ba na masu wasa ba, ba sa lanƙwasa sai an ba su gudu, kuma tarkonsu na ƙaton mutum ne da ya san abin da yake yi. Ta kai hannu ta taɓa na hagun, ta janye da sauri, ta goge yatsunta a jikin abaya. "Ka raba mutane da su," ta ce.

Ranar ya sassauta kowane tarko yana istigfari, ƙafafun mutum biyu suna masa nauyi a zuciya. Jajayen ma ya sassauta. Juma'ar da ta zagayo ya tarar na daman yana nan yadda ya bar shi, na hagun kuwa ya koma tamau. Ya sake sassautawa, ya sake komawa. Ya gaya wa kafili, mutumin ya yi dariya ya ce ai su ne suka fi kyau a hoto, kalas, a bar maganar. Sai Buraima ya binne su a bayan tudu. Kwana biyu iska ta tono su, suna kwance gefe da gefe, kawunansu na kallon gangare.

Ana cikin haka Lado ya samu hutu ya biyo shi wata Asabar. Idonsa na sauka kan jajayen ya ce shi kam su zai hau, a ɗauke shi bidiyo ya tura wa Bilƙisu matarsa, Kano ta san ya waye.

"Lado, kak ka taɓa su," in ji Buraima. "Da ƙafar hagun nan kake taka kuloci. Ita ke ciyar da gidanku."

"Kai Yaya, tsoron katako kuma? Mutanen Maraɗi ba ku da dama!"

Buraima ya san halinsa, in ka hana shi abu ka tura shi ne. Ya tafi sallar azahar bayan tanti, yana sallamewa ya hango Lado can rabin tudu da jajayen a kafaɗa. Innalillahi! Ya bi shi da gudu, bayansa na sara, ya cim masa a sama Lado har ya sa takalmi ɗaya. Mutane sun taru da wayoyi, kafili na ƙasa yana tafi. Roƙo ba zai yi aiki ba, faɗa ma haka.

"To na ji," in ji Buraima yana haki. "Amma doka ce, ba mai hawa sai na gwada. Cire."

Babu wata doka irin wannan, kuma tun da yake bai taɓa hawan allo ba. Da safen nan ya sassauta tarkon hagu har ƙarshe. Ya ce a ransa in ya saki, to falillahil hamdu, in bai saki ba gara tasa ƙafar ta karye, shi da ba ya tuƙi. Tsoro yake ji sosai, bai ɓoye wa kansa ba. Ya yi bismilla ya tura.

Abin da ya faɗa wa Lado daga baya shi ne, jan yashin ya koma fari fat. Sanyi ya shiga masa hanci har ƙwaƙwalwa. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe da kansu, hannayensa suka maƙale sanduna. Ya ji ƙararrawa ta ko'ina irin ta wuyan shanu, da ihun mutane a wani harshe, da numfashin wani a cikin ƙirjinsa, wani mai sauri da ba ya son tsayawa. Ya ji jikin ya karkata hagu, ya san abin da ke tafe. Allon dama ya saki ya yi gefe. Na hagu bai saki ba.

Wata uku ya yi a kwance. Kafili, don Allah, bai soke masa iƙama ba, ya mai da shi gadin sito. Amma kafin a sallamo shi daga asibiti mutumin ya kwashe allunan kaf ya mayar haraj, har da jajayen. Likitoci sun ce ƙashi ya haɗu lafiya. Sanyin ne dai bai fita daga ƙafar ba har yau.

Lado ya daina tsokanarsa a kan kwalbar yaji. Kowace Juma'a yakan aro akori-kura ya kai shi haraj, ya zauna a mota yana jira. Shekara biyu ke nan Buraima na taɓa alluna, amma kowanne ya taɓa da ɗuminsa.

Juma'ar da ta wuce ya tsaya gaban shimfiɗar wani dattijo mai tsofaffin kekuna. Babu allo ko ɗaya a wurin, sai dogayen sawu biyu na danshi a kan tabarmar, gefe da gefe. Ya duƙa ya sa bayan hannu, ya ji sanyin har kafaɗa.

"Jajaye kake nema?" in ji dattijon. "Ka makara, ya Hajji. Ɗazun nan wani ya saya wa 'yarsa, ya ce yau ɗin nan za su gwada a Sumama kafin magariba."

Buraima ya ratsa kasuwar yana jan ƙafa yana ture mutane. Lado na hango fuskarsa ya buɗe masa ƙofa, ya taka kuloci da ƙafarsa ta hagu, suka ɗauki hanyar filin jirgi.