Akuyar Malam Sabi'u

Duk wanda ya zauna da Malam Sabi'u ya san ba ya buɗe wasiƙa sai ya shinshina ta. Zai kai ambulan hanci, ya lumshe ido, ya ce, "Goro. Daga Kumasi take." Ni da muka yi shekaru muna koyarwa a sakandare ɗaya a nan Kura, kullum na gani sai na dara.

Shi ya ƙulla mana zumunci da wata makaranta a zangon Kumasi, can Gana, inda jikokin Hausawa ke karatu. Ɗalibanmu su rubuta tatsuniyoyin da suka ji a gida, nasu ma su rubuto, a gwada a ga ko har yanzu bakin kakanninmu ɗaya. Shugaban makaranta ya ce a riƙa turawa ta waya, minti ɗaya ya isa.

"Waya?" in ji Malam. "Ranka ya daɗe, tatsuniyar da ba ta sha hanya ba ai ɗanya ce!"

Sai ya samo Ɗanlami, direban da ke lodin albasa daga Kadawa zuwa Gana. A cusa takardu cikin buhu, a ɗinke. A dawowa kuma su biyo lodin goro. Malam Issaka, takwaransa na can, ya rubuto cewa yaransa suna karanta labaranmu suna hawaye. Wayyo, zo ka ga Malam! Ofis-ofis ya riƙa bi da wasiƙar nan yana cewa, "Kun ga ƙarfin adabi ko?"

Na ce, "Malam, albasa ce fa."

Kwana uku bai amsa gaisuwata ba.

Ga tsimi kuma. Ambulan ɗaya ne tal, ya je ya dawo, a juya shi a liƙe, ya sake tafiya. Ran da na miƙa masa sabo, sai ya harare ni: "Wannan da kake rainawa ya fi ka sanin duniya. Kai ka taɓa wuce Zariya?"

Amma babbar rigima ta akuya ce. Akwai tatsuniyar wata akuya da ta cinye dawar mai gari. A tamu, ta yi wa mai gadi wayo ta tsere. A tasu, kama ta aka yi aka yanka. Malam ya miƙe tsaye a tsakiyar aji: "Yankawa? Akuyar da kakata ta tsirar da bakinta?" Ya zauna ya cika shafi huɗu. Malam Issaka ya amsa da layi ɗaya: "Tun kafin a haife ka muka cinye ta."

Haka suka yi ta ja, shekara da shekaru, mutane biyu da ba su taɓa ganin juna ba. Kowace shekara Malam zai ce, "Bana da an yanke shinkafar rani zan bi Ɗanlami, in je in karɓo akuyata." Allah bai nufa ba.

Bayan an yi arba'in da rasuwar Malam Sabi'u, Ɗanlami ya shigo makaranta da tsohon ambulan ɗin nan. Wallahi ban san lokacin da na kai shi hanci ba. Goro. Malam Issaka ya rubuta: "Na tara yara na gaya musu. Daga yau ba a yanka akuyar nan a makarantarmu. Mun kwance ta, ta koma wajen mai ita."

Na karanta wa aji muka yi ta hawaye, kuma ranar babu albasa ko ɗaya a kusa.

Allah ya jiƙan Malam Sabi'u, ya haskaka makwancinsa. Ganin da ba su yi a duniya ba, shi da abokinsa, Allah ya sa su yi shi a Aljanna.