Alluran Baba da Ƙas-ƙas ɗin Lasifika

Shekara uku bayan samun mulkin kai yayana ya sayi mota, tsohuwa mai buɗaɗɗen baya, irin wadda ake kira a-kori-kura. Da ita muke kwasar mazarƙwaila daga Makarfi da Gazara mu kai kasuwannin Ikara da Kudan, wani lokaci har Paki in hanya ta yarda. Ni ne direba, don ni na yi shekara huɗu ina koyon tuƙi a Zariya. Yaya kuwa ko inda birki yake bai sani ba, amma in yana ba ni umarni sai ka rantse shi ya ƙera motar.

Abin da ya fi so a jikinta rediyo ne. Wanda ya sayar masa da motar ya bar shi a ɗaure ƙarƙashin gilashin gaba, lasifikarsa kuma tana cikin wani ɗan akwatin katako a tsakanin kujerata da ta fasinja. Bakin akwatin sama yake kallo, an rufe shi da wani yadi mai kauri, ruwan ƙasa. In muka tsaya a kasuwa na kunna, mutane suka kewaye mu, sai Yaya ya jingina da ƙofa yana gyara zaman hula, kamar shi ke karanta labaran.

Mahaifinmu maɗinkin riguna ne, ɗinkin hannu. A lokacin ya ba saba'in baya, amma idonsa garau, zare ɗaya yake zurawa ya wuce. Da mota ta samu sai ya sallami jakinsa, ya koma zama a gaba kusa da ni ranar kasuwa, riga a cinya. Ba ya iya zama haka nan. Duk inda muka tsaya lodi sai ya ci gaba da aiki, in na tayar da mota ya soke allurar ya naɗe rigar. Da can a hularsa yake sokewa, kamar kowane maɗinki. Wata rana a gargadar hanyar Ikara mota ta yi tsalle, kansa ya daki rufi, allura ta gaishe shi a tsakar ka. Tun daga ranar ya koma sokewa a yadin akwatin nan, tunda ga shi dab da gwiwarsa.

Da kaka ta shigo abubuwa biyu suka taso mana, kuma wallahi ko sau ɗaya ban haɗa su a raina ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Na farko, lasifika ta soma wani ƙara. Ana cikin magana sai ka ji ƙas, a ɗan jima kuma ƙas-ƙas, kamar ana soya gyaɗa a kasko. In aka sa kiɗa abin ya fi muni. Kowane mako ƙaruwa yake yi. Yaya ya ce ni na ɓata masa kaya da yawan murɗe-murɗe, alhali shi ne ba ya barin maɓallin ya huta.

Na bi abin kamar yadda aka koya mini, ɗaya bayan ɗaya. Na kankare kan batir na ƙara ɗaure shi. Na ce ko fulogi ne ke shiga maganar, sai na kashe injin ɗungurum na saurara, ƙas-ƙas yana nan. Na bi wayoyi da hannu tun daga batir har rediyo, na naɗe duk inda roba ta goge. Na girgiza eriya, na ja ta, na mayar. A ƙarshe na kwance rediyon na kai wa wani mai gyara a Zariya. Ya jona shi da tasa lasifikar a kan tebur, murya ta fito tas, ko tari babu. Ya ce lafiyarsa lau, in je in duba akwatin. Amma Yaya ya riga ya kafa doka a kan akwatin nan. A cewarsa kayan Turawa ba a buɗe su a ƙauye, in an buɗe ba sa komawa yadda suke.

Na biyun shi ne ya hana mu sukuni. Baba ya soma ɓatar da allura. Mu iso kasuwa, ya miƙa hannu inda ya soke ta, wayam. Mu ɗaga tabarmar ƙasa, mu kakkaɓe riga, mu laluba ƙarƙashin kujera, babu ita babu dalilinta. Da farko dariya muka yi. Har nakan ce masa, "Baba, allura cikin ruwa ke nan, mai rabo ka ɗauka." Shi ma ya yi murmushi ya zaro wata daga ɗan gwangwaninsa. Amma da abin ya yi ta maimaituwa sai dariya ta ƙare, domin akwai abin da kowa ya sani a gidanmu ba a faɗa. Yayan Baba, wanda muke kira Baffa, da irin wannan ya fara: ya ajiye abu ya rantse an ɗauke. Kafin ya rasu bai san 'ya'yansa ba, sai da ta kai ana sa masa ido kada ya fita ya ɓace a cikin rake.

Yaya ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi, shi kuwa in ya ji tsoro sai ya hau yanke hukunci. Ya same ni a bayan gida ya ce, "Kai, ka taɓa ganinsa ya soke allurar nan da idonka?"

Na ce ni idona a hanya yake. Gaskiya na faɗa, amma har yau ina jin nauyin amsar nan.

"To ka gani. A gida yake barinta, ya zo yana nema a mota. Irin na Baffa ne."

A lokacin Baba yana kan wata babbar riga mai aska takwas, ta limamin unguwarmu, ya ci rabin aikin. Yaya ya ce kada a ji kunya a idon jama'a, gara a kai wa wani maɗinki a Kudan ya ƙarasa, Baba kuma ya huta da zuwa kasuwa. Ya faɗa masa cikin ladabi, a durƙushe, yana ta kewaye-kewaye. Baba bai yi musu ba. Ya ninke rigar da kansa ya miƙa, ya ce Allah ya yi albarka. Ni aka ba na kai Kudan, ina tuƙi raina ba daɗi.

Bayan kwana biyu na shiga zaure da hantsi na tarar da shi zaune, hannuwansa a kan gwiwa. Ban taɓa ganin hannuwan nan ba komai a cikinsu ba. Ya ce in matso.

"Direba," haka yake kirana in yana wasa, amma ranar ba wasa a muryarsa. "Tsakaninka da Allah, ka ga wata alama a tare da ni? Kada ka ɓoye mini. Shi ma Baffanku, Allah ya jiƙansa, rantsuwa yake yi bai manta ba."

Na ce, "Haba Baba, lafiyarka ƙalau." Amma ban iya kallon idonsa ba, kuma ya lura. Ya gyaɗa kai kawai, ya ce in tafi kada in makara.

Mako uku ina fita ni kaɗai. Baba ya rage cin abinci, ya rage magana. In an tambaye shi abu sai ya ce a tambayi yara, shi kada ya faɗi ba daidai ba. Wannan ya fi komai ci mini rai, mutumin da ake zuwa tun daga Furana a tambaye shi iyakar gonakin da aka raba kafin a haife mu.

Wata ranar Talata bayan azahar ina Gazara, ina jiran a gama ɗaure kaya. Na fake a gindin wani mangwaro na kunna rediyo don rage zaman shiru. Ƙas-ƙas ya dame ni, sai na ɗora tafin hannuna a kan yadin akwatin, kamar yadda ake dafa goshin mai zazzaɓi. Duk ƙas ɗin da ya yi ina jinsa a tafina, a wuri ɗaya, can tsakiya. Na ɗan danna. Wani abu ya soke ni, na janye hannu, ga ɗigon jini a yatsa.

Nan take na manta da dokar Yaya. Na ɗauko sukudireba na kwance kusoshi huɗu na ɗaga yadin. Ashe lasifika ba wani abin tsoro ba ce, baƙar takarda ce mai siffar faifai, ta lotsa ciki. A ƙasan lotsawar kuwa allurai ne cunkus, sun haɗa kai wuri ɗaya, wasu a tsaye wasu a kwance, wasu da guntun zarensu. Na ja ɗaya, na ji ana riƙe ta daga ciki. Sai a lokacin na gane akwai mayen ƙarfe a bayan takardar. Baba ya soke allura, gargada ta girgiza ta har ta zurma cikin yadin, mayen ƙarfe ya karɓe. In murya ta motsa takardar, su kuma su yi ta bugunta.

Na zauna a cikin motar nan ina kallon alluran. Farin ciki na ji, da kunya a haɗe. Na ƙirga su ban cire ba, na kwance akwatin gaba ɗaya, na ce wa masu lodi su yi haƙuri, kayan su kwana. Na juyo gida Makarfi da mota ba kaya.

Na iso ana shirin la'asar. Yaya yana ƙofar gida, ya ga akwatinsa a hammatata a buɗe, ya taso zai fara. Na ce, "Yaya, don Allah biyo ni tukuna." Muka shiga zaure. Na durƙusa gaban Baba ban ajiye akwatin ba, na ce, "Baba, na ga alluranka. Inda ka ce ka soke, nan ka soke. Abin cikin nan ne ke janye su."

Bai miƙo hannu ba, bai leƙa ba. Ya kalle ni ya ce, "Nawa ka samu?"

"Goma sha uku."

"Sha huɗu ne."

Na sake ƙirgawa a gabansa, ina zarowa ina jerawa a kan buzunsa. Goma sha uku. Yaya ya sunkuyar da kai, ni kuma na ce a raina da ma na yi masa ƙarya.

Baba ya ce, a hankali, kamar mai tsoron jin kansa, "Akwai wata 'yar siririya, ta ranar da ruwan ƙarshe ya tsare mu a Paki. Da koren zare a hancinta."

Na kifa akwatin na bubbuga, ba abin da ya faɗo. Na kwance lasifikar daga katakon na juya bayanta. Ga ta nan ta huda takardar ta wuce, ta manne a jikin ƙarfen, koren zaren yana reto.

Yaya ya zame ya zauna daɓas a ƙasa, ya cire hula. Ya ce, "Baba, ka yafe mini. Yanzu za a je Kudan a karɓo rigar."

Baba bai ji shi ba, ina tsammani. Ya karɓi allurar da yatsu biyu, hawaye na bin gemunsa. Ya kalle ta, ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Ashe dai ina nan."